Wayar da Kaka ya hana a kwance

Daga Allah muka fito, kuma babba da yaro can za mu koma. Kakana, mahaifin mahaifiyata, ya riga mu wata Laraba da hantsi a gidansa na Birnin Konni, ranar da kasuwa ke ci. Shi ya sa kafin la'asar zaure ya cika da mutanen da ba mu aika wa ba. Sun shigo gari da wake da awaki, suka ji labari a tasha, suka bar kaya hannun 'yan uwa suka taho.

Wani tsoho daga Tajaye ya zauna bakin ƙofa ya ƙi shiga inuwa. Da na kai masa ruwa ya riƙe hannuna ya ce, "Kai jikanshi na? Cikin zauren ga nij ji muryar ɗana, bayan mun ɗebe tsammani da shi can Abijan." Daga nan ya karanto mini lambar tarhon gidanmu da ka, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, alhali ni da na girma a gidan sai na duba salula nake tuna ta. 'Yan albasa kuwa, abokan sana'arsa, addu'arsu da wutsiya take. Allah ya jiƙansa, in ji su, mutumin kirki ne, amma ba a taɓa cin ribarsa a ciniki ba. Ladanin unguwa ya ce shekara da shekaru suna zama tabarma ɗaya, bai taɓa gama ba shi labari ba, domin kunnen Kaka ɗaya kullum yana cikin gida wajen tarho. Aka yi dariya kaɗan, irin wadda ake yi a zaman makoki ana sunkuyar da kai.

Mahaifiyata ta iso daga Yamai bayan an dawo daga maƙabarta. Ba ta yi kuka a zaure ba. Sai da ta shiga turakarsa ta ga baƙin tarhonsa a kan ɗan tebur, an lulluɓe shi da ƙyallen da ya saba, sannan kuka ya ƙwace mata.

Washegari na shiga gaida Iya, kakata. Ni jika ne, tsakanina da ita wasa ne tun ina rarrafe, amaryata nake ce mata. Ranar ban samu bakin wasa ba. Ita ce ta dube ni, ta kira ni da laƙabin malaman boko na ƙasarmu, ta ce, "Mushe, wayar nan da kunka yi hwaɗa bisa gare ta, kai da shi. Ka san mi yas sa?"

Na ce, "Taurin kai na tsufa, Iya, Allah shi gafarta mishi."

Ta girgiza kai. "Yaron ga shika jira."

Ba ta faɗi suna ba, kuma ba ta buƙatar faɗa. Kawuna take nufi, ɗansu na fari, wanda ya bi hanyar Agadas zuwa arewa neman abinci tun ina ƙaramin ɗan lakwal, wato makarantar boko, har yau ba labari. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Ina so a tuna da Kaka yadda yake, kuma ina so a san abin da yake tsaro a jikin bangon nan, wanda mu da ke cin tuwo ɗaya da shi ba mu gane ba sai da ya tafi.

Kaka dillalin albasa ne. Motocin da ke lodi wajen Galmi su nufi Abijan da Kwatano, da yawa ta hannunsa suke bi. Don haka ya sa aka jawo masa tarho tun ba a haife ni ba, lokacin da a duk unguwa sai buro-buro, wato ofisoshi, ke da shi. Waya ta taso daga turken da ke bakin titi, ta sauka a wani ɗan akwatin ƙarfe ƙarƙashin indararo, daga nan ta bi bango ta rabu uku. Gurbi ɗaya a zaure, ɗaya a turakarsa, ɗaya a ɗakin Iya. Gurbi shi ne ɗan murfin nan na jikin bango da ake soka igiyar tarho a ciki.

Na ɗakin Iya ba don Iya aka yi shi ba, ita har yau tsoron abin take. Don matan ƙauye aka yi. Duk Laraba sukan zo daga Tsarnawa da Tajaye da ƙauyukan da ke tsakani, su zauna jiran kiran mazansu da 'ya'yansu da suka tafi cirani. Kaka ya lura mace ba ta iya magana da mijinta a zaure gaban maza, sai "lahiya lau" da "to" har kuɗin mai kira su ƙare. Sai ya sa aka kai gurbi cikin gida. In kira ya zo ya ɗauka a zaure, ya leƙa ya ce, "A ce ma matar wane ta ɗauka ciki," ya ajiye nasa da ƙarfi yadda kowa zai ji ya ajiye. Bai taɓa karɓar ko dala a kan wannan ba, shi da ba ya yafe albasa ɗaya a buhu.

Ba ya cewa alo. In ya ɗauka sallama yake yi cikakkiya, ya jira a amsa. In aka bugo da labarin rasuwa, ba ya aikawa. Yakan ce labarin mutuwa ba kaya ba ne da za a ba ɗan kabu-kabu. Zai sa babbar riga, ya hau mota har ƙauyen, ya nemi babban gidan ya faɗa masa da bakinsa, ya zauna a yi addu'a, ya dawo da kuɗin motarsa. Wata tsohuwa daga Tsarnawa ta ce mana a wurin makoki, ranar da ta hango shi ya sauko daga mota ya nufo gidansu, ta san mijinta ya tafi, amma ta gode Allah da shi ne ya zo.

Yana da wata al'ada da muke yi masa dariya a kai. Kullum in ya dawo daga sallar asuba, kafin ya taɓa kunu, sai ya yaye ƙyallen, ya ɗaga kan tarho ya kara a kunne, ya saurari ɗan ƙugin nan da ke nuna layi na aiki. Sai ya ce, "Tana numfashi," ya mayar ya lulluɓe. Nakan ce masa, "Tsoho, ka hi kula da baƙar nan bisa ga amaryata, zan ɗauke ta in bar ka da ita." Ya ce in ɗauka mana, ya ga da abin da zan ciyar da ita.

Ga abin da ya shafi Kawu. Kowa ya san kunyar ɗan fari a wurinmu, amma ta Kaka ta wuce ta kowa. Ban taɓa jin sunan Kawu a bakinsa ba. Ko wani mai sunan ya zo, sai ya ce "mai sunan yaron ga". Mahaifiyata ta ce tun suna yara, in Kawu ya shigo zaure, Kaka sai ya sami abin dubawa a wani gefe. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka, ita ce tarbiyyar da ya tarar. Da Kawu ya tafi ya riƙa bugowa jifa-jifa, kuma lambar gida kaɗai ya sani, domin lokacin salula ba ta kai hannun kowa ba. Kaka ne ke ɗauka. Yana jin muryar sai ya ce, "Lahiya? To madalla. Ga ƙanwarka." Ya miƙa wa mahaifiyata, ya fita zaure kamar an kira shi. Iya ma ba ta karɓa, ita ma ɗan farinta ne, sai dai ta tsaya bakin ƙofa tana gyaran tsintsiyar da ba ta lalace ba.

Kiran ƙarshe ma haka aka yi. Kawu ya ce wa mahaifiyata zai ƙara gaba, in ya sami wurin zama zai bugo. Magana huɗu ko biyar ce ta shiga tsakaninsa da mahaifinsa ranar, kuma rabinsu na miƙa tarho ne.

Shekaru suka wuce. Salula ta shiga aljihun kowa, matan Laraba suka daina zuwa, zaure ya koma wurin shan shayi. Idon Kaka ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, ya bar kasuwa ya koma turaka. An saya masa salula ba sau ɗaya ba, ya ce abin da ba ya da wurin zama ba tarho ba ne. Sai wata damina aka yi iska mai ƙarfi, da safe ya ɗaga kan tarho ya ji shiru. Aka je kamfani, suka ce tsoffin wayoyin nan ba a gyara su kuma, ana komawa sabon tsari. Kaka bai fasa al'adarsa ba. Yakan ɗaga, ya saurara, ya ce, "Tana barci," ya lulluɓe.

Mahaifiyata ce ta kasa jurewa. Daga Yamai ta shirya aka kawo akwatin intanet, irin wanda ke da ƙofar soka tarho a bayansa, murya ta biyo ta intanet maimakon tsohuwar waya. Kuma ta tsaya kai da fata sai da kamfani ya mayar da tsohuwar lambar gida a kan akwatin. Ta faɗa mini wannan a salula, cikin sauran maganganu, na ce to. Masu aikin suka kafa akwatin a ɗakin baƙi kusa da zaure, domin ta nan sabuwar igiyarsu ta shigo, suka soka masa tarhon zaure, suka ga yana aiki, suka tafi. Turakar Kaka kuwa tana can ƙuryar gida, bayan rumbu da turken awaki. Ko mai lafiyar kunne ba ya jin ƙarar daga can.

Ni malamin lakwal ne a Malbaza, shi ya sa suke ce mini Mushe. Da babban hutu ya zo na ce wannan ƙaramin aiki ne. Tunda gurbin nan uku a haɗe suke ta cikin bango, in na ɗauko igiya daga akwatin na soka a gurbin zaure, layi zai bazu ko'ina, tarhon Kaka ya farfaɗo. Na soka. Na je turaka na ɗaga, shiru. Na dawo na tarar ɗan hasken tarho da ke jikin akwatin ya koma ja. Na zare, ya dawo kore.

Na bi abin sannu a hankali. Na ɗauko baƙin tarhon Kaka, da izininsa da kuma gorinsa, na soka shi kai tsaye a akwati. Ya yi ƙugi lafiya lau, ashe ba shi da laifi. Na canza igiya, ba ita ba ce. Na kwance murfin gurbin ɗakin Iya na tarar zanzaro ya gina gida a ciki, na fasa na share. Na turaka kuma siraran wayoyin nan biyu sun yi kore da tsatsa, na kankare su da reza na ɗaure. A bayan rumbu gara ta ci rigar wayar, na yanke wurin na haɗa na naɗe. Duk lokacin da na gama ɗaya sai in koma in soka, hasken ya sake yin ja. Kaka na zaune kan kujerarsa a tsakar gida yana jin kai-komona, yana cewa, "Mushe, in ka rushe min gida ka gina wani."

Daga ƙarshe na bi wayar har ɗan akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin indararo. Nan na gane. Tsohuwar wayar da ta taho daga turke tana nan ɗaure da wayar cikin gida. Na fita titi na bi ta da ido, na ga can gaba ta tsinke tun iskar nan, bakinta biyu sun murɗe da juna a kan kwanon wani shago. Muddin tana haɗe da gidan, duk abin da akwatin ya turo sai ya zurare ta can. Maganin kuwa kusoshi biyu ne. A sassauta su, a zare tsohuwar, shi ke nan.

Na ɗauko tsani na jingina. Ƙarar jinginawar ce ya ji.

"Mi kaka yi nan?"

"Tsohuwar wayar zan kwance, Kaka. Ita ta hana tarhonka aiki."

"Kak ka taɓa ta."

Na ɗauka wasa ne, na ci gaba da hawa ina cewa kishi yake da akwatin 'yan zamani. Sai na ji sandarsa ta bugi ƙafar tsanin. Ya taso da gwiwar nan tasa ya lalubo bango har inda nake. Tunda nake ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Sauko. Bar ta inda ka ishe ta."

Na sauko, amma raina ya ɓaci, domin na yini cikin rana saboda shi. Na ce, "Kaka, wayar ga ta mutu tun tuni. Kamfani da kanshi ya bar ta. Ba abin da za shi sake biyowa ta cikinta."

Ya dogara da sandarsa. Sannan ya ce, "Kai ka ga gawatta?" Ya juya ya lalubi hanyar turaka, ya ƙi in riƙe masa hannu.

Na yi ƙoƙari ta wata hanya. Na ce to bari in ja sabuwar igiya daga akwatin har turaka, ba sai an taɓa tsohuwar ba. Ya ce tarhonsa ba ya fita daga gurbinsa. Na ce in kawo masa na biyu. Ya ce mutum ɗaya kunnen tarho ɗaya gare shi, in 'yarsa na son magana da shi ta kira salular yara a kawo masa. Na ba mahaifiyata labari, muka haɗu a kan cewa tsufa ne, a bar shi. Ni da shi muka shirya kafin hutu ya ƙare, da goro da tsokana, amma maganar waya ba ta sake tasowa ba har ya bar duniya.

Yanzu da Iya ta yi magana, komai ya fito fili. A wurin Kaka lamba a cikin waya take zaune, wayar da ya ga an jawo da idonsa, wadda muryar ɗansa ta biyo ta ƙarshe. Akwatin nan kuwa a ganinsa kayan yara ne, da tasa lambar daban. In aka kwance tsohuwar, ranar da yaron ya bugo ba zai sami gida ba. Bai iya faɗa mana haka ba, domin faɗar na nufin ya ce yana jiran ɗansa na fari, kuma bakinsa bai saba ba. Mu kuma ba wanda ya ce masa, Kaka, lambarka ce fa a cikin akwatin, ba a canza ko ɗaya ba. Ba ɓoye masa muka yi ba. Ba mu san lambar ce damuwarsa ba, shi kuma bai san mun riƙe ta ba. Magana ɗaya ce, da daga bakinsa ko daga namu, da ta wadatar.

Abin da ya fi cina shi ne wannan. Yaran gida sun ce wani lokaci da rana, in kowa ya tafi gona ko kasuwa, sukan dawo su ji tarhon ɗakin baƙi na ƙara, kafin su kai ya katse. Tsohon tarho ne, ba ya nuna wanda ya kira. Wataƙila mahaifiyata ce, wataƙila ɓatan lamba ne, wataƙila wani tsohon ɗan albasa. Ban ce Kawu ne ba, ba ni da hujjar cewa haka. Amma ko wane ne, Kaka na can ƙuryar gida a zaune kusa da tarhon da ya kamata ya yi ƙarar, kuma wayar da yake tsaro ita ce ta hana shi ji. Na yi baƙin cikin wannan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Na faɗa wa mahaifiyata abin da Iya ta ce. Sai ta ce ita ma don Yaya, wato Kawu, ta nace a bar lambar. Ba ta faɗa wa mahaifinta ba, domin ba a yi masa maganar Yaya.

Bayan sadakar bakwai, da safe, baƙi sun ragu, na je wurin Iya na yi mata bayani dalla-dalla, yadda ban yi wa mijinta ba. Na ce lambar tana nan, ita ce dai wadda yaron ya sani. Na ce in na kwance tsohuwar waya, duk wanda ya buga lambar nan, turaka za ta yi ƙara. Ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Sannan ta ce, "To tahi ka kwance."

Aikin bai kai a sha ruwa ba. Kusoshin sun yi tsatsa, na ɗiga musu man keke suka juya. Na zare tsohuwar na naɗe bakinta na bar ta rataye a jikin bango, ban iya yanke ta ba. Na soka igiya a gurbin zaure, hasken ya tsaya kore. Da na isa turaka na tarar Iya ta riga ni. Ta yaye ƙyallen da kanta, ita da ba ta taɓa tarhon nan sai don shara. Na ɗaga na kara mata a kunne. Ta saurara, ta ce a hankali, "Tana numfashi."

Muna nan tsaye bayan na ajiye, sai ya yi ƙara. Ƙarar nan ce ta da, mai kaɗa tebur, wadda ɗakin ya yi shekaru bai ji ba. Na ga hannun Iya ya kama bakin gado. Ta ce in ɗauka. Na ɗauka, kuma ban san lokacin da na yi sallama cikakkiya ba.

Tsohon nan ne na Tajaye. Ya ari salular jikansa ya buga lambar da ya haddace, don ya ƙara yi mana gaisuwa ya ji yadda muka kwana da haƙuri. Na amsa, na gode masa, na faɗa wa Iya ko wane ne. Ta ce Allah ya saka masa. Ta saki bakin gadon ta zauna.

Da yamma na ga yara na kwaso tabarmarta da buta da ƙwaryar furarta suna kaiwa turaka. Mahaifiyata ta ce mata ɗakinta ya fi iska, kuma can ma akwai gurbi, sai a kai mata tarhon. Iya ta ce a'a, a bar shi inda mai shi ya ajiye shi.

"Takaba za ni yi," in ji ta. "Ina za ni? In anka bugo, akwai mutum kusa."

Allah ya jiƙan Kaka, ya haskaka makwancinsa, ya karɓi tafiye-tafiyen da ya yi ƙauyuka don kada wani ya ji mummunan labari a bakin hanya. In ɗansa na can ya riga shi, Allah ya haɗa su inda ba kunyar da za ta sa ya miƙa wa wani magana. In kuma yana raye a wata ƙasa, Allah ya tuna masa da lambar gida. Ba a canza ta ba, kuma uwarsa na zaune kusa da tarho.